Darasi na Tara: Gwaji, Jaraba da Jimiri a Koyarwar Kirista

Manufofin darasi

Idan mai karatu ya kai ƙarshen wannan darasi, ana fata zai iya:

1. bambanta gwaji da jaraba, ya kuma faɗi inda kowannensu yake fitowa;
2. bayyana abin da Littafi Mai Tsarki yake nufi da farin ciki a cikin wahala;
3. kawo misalan jimiri daga nassi da kuma daga tarihin ƙasarmu;
4. auna wata matsala ta gidansa ko ta maƙwabcinsa da ma'aunin wannan koyarwa.

Shimfiɗa

Duk wanda ya girma a ƙasar Arewa ta Nijar, ko a Dogon Dutsi ne, ko Matankari, ko Ɗan Kasari, ko kuwa can kudu wajen Tibiri da Dumega da Kore Mai Ruwa, ba ya bukatar malami ya karanto masa ma'anar wahala daga littafi, domin ya ga shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka ta tsiro, ya ga rumbu ya ƙare tun ba a gama maimai ba, wataƙila kuma ya raka gawar yaro zuwa kushewa saboda zazzaɓin damina. Dattawan da ke cikin wannan aji sun riski farin 1973 da 1974 wanda ya karkashe dabbobi, sun kuma riski yunwar 1984 wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da Nijeriya, ƙarƙashin mulkin Buhari, ta rufe iyakokinta. Na bayansu kuwa sun ga ta 2005, wadda ta biyo bayan ƙarancin ruwa da farin dango na 2004. Tambayar da muka ɗauko ita ce: mene ne addinin Kirista ya koya wa mabiyansa su yi da zukatansu da hannuwansu idan irin wannan rana ta zo?

Kiristoci 'yan kaɗan ne a Arewa, kamar yadda suke a Nijar baki ɗaya. Galibin jama'a Musulmi ne, akwai kuma masu riƙe da al'adun kakanni waɗanda garuruwan Lugu da Bagaji suka shahara da su. Amma tun zamanin mulkin Faransa akwai mishan na Katolika a Dogon Dutsi, akwai kuma majami'un masu bishara, kuma rijiya ɗaya ake sha, kasuwa ɗaya ake ci. Saboda haka darasin na kowa ne: Kirista ya san abin da littafinsa ya ɗora masa, wanda ba Kirista ba kuma ya san abin da maƙwabcinsa yake dogara da shi ranar baƙin ciki.

1. Nassin da aka gina darasin a kansa

Wurin da malaman Kirista suka fi komawa a wannan mas'ala shi ne farkon Wasiƙar Yaƙub, gajeriyar wasiƙa mai surori 5 a cikin Sabon Alkawari, wadda Bahaushe yake iya karantawa da harshensa, tun da an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Bisa ga abin da ikilisiya ta gada tun da daɗewa, marubucinta shi ne Yaƙub wanda ake kira ɗan'uwan Yesu, shugaban masu bi na Urushalima, wanda Yusifus, Bayahuden nan masanin tarihi, ya ba da labarin cewa an jefe shi da duwatsu wajen shekara ta 62 miladiyya. Waɗanda ya rubuta wa kuwa masu bi ne da suka warwatsu cikin ƙasashe, da yawansu talakawa, har a sura ta 5 ya ambaci 'yan ƙwadagon da suka girbe wa attajirai gonaki aka danne musu ladansu. Taƙaitaccen abin da ya koyar a sura ta 1, aya ta 2 zuwa ta 4, shi ne mai bi ya lissafa wahalhalun da ke faɗo masa cikin ribarsa, saboda ta hanyarsu bangaskiya take samun ƙarfin tsayawa, tsayawar nan kuma, idan aka bar ta ta gama aikinta, ita ce take fitar da kamilin mutum.

2. Gwaji

> Akwati na 1. Gwaji: wahalar da take auka wa mutum daga waje ba da zaɓinsa ba, kamar ciwo, fari, talauci, rasuwa ko tsanantawa, wadda take bayyana ƙarfin bangaskiyarsa ko rauninta.

Abu na farko da ya wajaba a sani shi ne, Yesu Almasihu bai yi wa almajiransa alkawarin zaman duniya ba tare da wahala ba, sai ma dai ya gaya musu a fili, kamar yadda yake a Yohanna sura ta 16, cewa za su sha ƙunci. Na faɗi wannan da nauyi, domin a 'yan shekarun nan akwai wani irin wa'azi da yake shigo mana ta rediyo da wayar salula, mai cewa wanda bangaskiyarsa ta cika ba ya ciwo kuma ba ya talauci. Wannan magana kuwa, ban da cewa ta saɓa wa nassi, tana ƙara wa majinyaci ciwo na biyu a kan na farko, wato zargin kansa da cewa raunin imaninsa ne ya kwantar da shi.

Abu na biyu, ba kowace masifa ce hukuncin zunubi ba, kuma babbar hujja a nan ita ce ƙissar Ayuba, wanda Musulmi ma suke girmamawa a matsayin annabi, suna buga misali da haƙurinsa. Littafinsa ya ce yana da tumaki 7,000 da raƙuma 3,000, ban da shanun noma da jakuna, yana da 'ya'ya 10, sai duka suka salwanta a rana ɗaya, daga baya kuma jikinsa ya cika da miyaku. Abokansa uku suka zo jaje, suka zauna tare da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, wannan kuwa shi ne mafi alherin abin da suka yi masa. Amma da suka buɗe baki, sai suka dage cewa lalle akwai wani laifi da ya ɓoye, har a ƙarshen littafin Ubangiji ya tsauta musu, ya umarce su su nemi Ayuba ya yi musu addu'a. Haka nan da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya kore duka biyun, kamar yadda Yohanna ya ruwaito a sura ta 9. Wanda ya fahimci wannan ba zai tsaya a bakin gonar da ƙuduji ya cinye yana cewa mai ita ya yi wa Allah laifi ba.

3. Jaraba

> Akwati na 2. Jaraba: jan da zuciya take yi wa mutum zuwa ga abin da ya san Allah ya hana, da alkawarin cewa a can ne sauƙi ko daɗi yake.

A nan ne ya kamata mai karatu ya fi natsuwa, domin mutane da yawa sukan haɗa gwaji da jaraba su mai da su abu ɗaya, alhali kuwa Yaƙub ya raba su a sura ta 1, aya ta 13 zuwa ta 15. Ya hana mai bi ya jingina jarabarsa ga Allah, saboda Allah mai tsarki ne, ba ya jan kowa zuwa ga mugunta. Ya ce tushenta yana cikin sha'awar mutum da kansa, ya kuma jera matakanta: sha'awa ta fara ja, zuciya ta amince, amincewar ta zama zunubi a aikace, zunubin kuma idan ya daɗe ya yi ƙarfi sai ya kai ga halaka. Fa'idar sanin waɗannan matakai ita ce mutum ya gane cewa tsakanin jin ja da amincewa akwai tazara, kuma a cikin wannan tazara ake cin nasara ko a faɗi. Jin jaraba shi kaɗai ba zunubi ba ne, domin Yesu da kansa, bayan ya yi azumin kwana 40 a jeji, Iblis ya zo masa da jarabobi uku, kamar yadda Matiyu ya kawo a sura ta 4, kuma ya ƙi su duka. Abin lura gare mu mutanen ƙasar fari shi ne, ta farko a cikinsu ta ƙofar yunwa ta shigo, wato a mai da duwatsu abinci.

Wannan ya kai mu ga jigon darasin. Kusan kowane gwaji yakan zo da jarabarsa a goye. Fari gwaji ne, amma tauye tiya ko ɓoye hatsi sai ya yi tsada a sayar wa mayunwata jaraba ce. Tafiya cin rani zuwa Legas ko Kwatano ko Abijan, da kaɗaicin da ke cikinta, gwaji ne, amma manta iyali da cin amanar aure jaraba ce. Zagi saboda addini gwaji ne, ramuwa da ƙiyayya kuwa jaraba. Maganin kowannensu dabam ne. Gwaji, idan babu halattacciyar hanyar kawar da shi, ana tsayawa ne a ƙarƙashinsa har ya wuce. Jaraba kuwa ba a zama a yi hira da ita, guje mata ake yi, kamar yadda Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya fita da gudu, ko da yake gudun nan ya kai shi kurkuku. Abin takaici shi ne mu 'yan Adam mukan juya al'amarin, mu gudu daga gwajin da ya kamata mu jure, mu zauna kusa da jarabar da ya kamata mu guje wa, muna cewa ai mun fi ƙarfinta.

Manzo Bulus ya ƙara da wani tabbaci a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura ta 10, aya ta 13, ma'anarsa kuwa ita ce babu jarabar da ta keɓanta da mutum ɗaya, Allah ba ya barin ta wuce abin da bawansa zai iya ɗauka, kuma kullum akwai mafita tare da ita. Aikin mai bi shi ne ya nemi mafitar tun da wuri, kafin zuciya ta amince.

Misali na farko: mai riƙe da mabuɗi

Mu ƙaddara wani magidanci a wani ƙauye na gundumar Tibiri, mai iyali 9, wanda ya saba samun dami 120 na hatsi, bara kuwa 40 kawai ya ɗaure. Saboda an san shi da gaskiya, jama'a suka ba shi mabuɗin bankin cimaka na ƙauyen. A watan Agusta rumbunsa ya ƙare, yara suna kwana da ɗan kunu, ga buhuna a ɗakin da shi kaɗai yake buɗewa, kuma ba za a yi lissafi ba sai kaka. Mu bi matsalar daki-daki.

Mene ne gwajin? Ƙarancin hatsi da yunwar iyali. Bai jawo su ba, kuma ba laifi ba ne ya ji zafinsu. Mece ce jarabar? Ya ɗebi tiya 10 da dare, da niyyar mayarwa da kaka ba tare da kowa ya sani ba. Ina tushenta? A nan mai karatu zai ga cewa ba yunwar kaɗai ba ce, domin yana da hanyar neman rance a fili kamar kowa. Abin da yake jansa zuwa ga ɓoye shi ne kunyar a ce mai mabuɗi ma ya rasa. Ina mafitar? Ya je wurin dattijon kwamitin ya ce, "Baba, rumbuna ya ƙare, kuma ina tsoron zuciyata a kan mabuɗin nan. A rubuta mini rance kamar yadda ake rubuta wa kowa, a kuma sa wani ya riƙa tsayawa tare da ni duk ranar da za a buɗe." Dattijon da ya san duniya zai amsa, "Ɗana, da ka yi shiru da mun yi hasarar hatsi, mun kuma yi hasararka."

A lura cewa yunwar ba ta gushe ba, zai ci gaba da yin ƙwadago a gonar wani da safe ya koma tasa da yamma har hatsi ya nuna. Gwajin yana nan, amma jarabar ta rasa ƙofa.

4. Farin ciki a cikin wahala

> Akwati na 3. Farin ciki (a wannan koyarwa): natsuwa da gamsuwar zuciya da suke fitowa daga sanin cewa Allah yana tare da bawansa, kuma wahalar tana da iyaka da amfani, ko da hawaye suna zuba.

Wannan shi ne sashen da ya fi wuyar karɓa, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba a umarci Kirista ya ji daɗin ciwo ba, ba a kuma umarce shi ya yi murmushin dole a gaban jama'a alhali zuciyarsa tana ƙuna ba. Yesu ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru. A gonar Gatsemani, daren da za a kama shi, ya yi baƙin ciki mai tsanani har ya roƙa a ɗauke masa abin da ke gabansa in da hali, kafin ya miƙa wuya ga nufin Allah. Zabura kuma cike take da koke-koken bayin Allah da suke tambayar Ubangiji har yaushe. Addinin da littafinsa ya adana irin waɗannan koke-koke bai haramta hawaye ba.

Abin da Yaƙub ya nema aikin hankali ne, wato lissafi: mutum ya dubi abin da wahalar ta ɗauke masa, ya dubi abin da za ta iya haifarwa a cikinsa, ya yanke hukunci cewa bai faɗi ba. Shi da kansa, a sura ta 5, ya buga misali da manomi mai jiran ruwan farko da na ƙarshe, kuma babu wanda zai fi mutumin Arewa gane wannan, domin ya san yadda ake wuni da hauya a tsakiyar damina, ciki babu nauyi, baya yana ciwo, amma idan ya ɗaga kai ya ga hatsi ya yi duhu yana shirin fitar da kai, sai ya ji wani sanyi a ransa wanda bai rage masa gajiya ko kaɗan ba. Gajiyar gaskiya ce, sanyin ran ma gaskiya ne, kuma a jiki ɗaya suke zaune.

Dalilan wannan farin ciki uku ne a koyarwar manzanni. Na ɗaya shi ne natijar wahalar, wadda Bulus ya jera a Romawa sura ta 5, inda ƙunci yake kai wa ga jimiri, jimiri ga ingantaccen hali, hali kuma ga bege. Na biyu, wanda a ganina ya fi sauran ƙarfi a bakin gadon majinyaci, shi ne Kirista ya gaskata cewa Ubangijinsa ya ɗanɗani yunwa da cin amana da duka da mutuwa a kan gicciye, saboda haka idan ya kai kukansa, yana kai shi ne ga wanda ya san zafin abin. Na uku shi ne begen tashin matattu da ladan da aka yi wa mai jurewa alkawari a Yaƙub sura ta 1, aya ta 12. Waɗannan ne suka sa Bulus da Sila, bayan an yi musu bulala an sa ƙafafunsu a turu a kurkukun Filibi, suka iya yin addu'a da waƙar yabo da tsakar dare, sauran 'yan sarƙa suna saurare, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura ta 16.

Sai dai akwai ladabi a nan wanda ina roƙon 'yan'uwa su riƙe. Wannan lissafi mai wahalar ne yake yi wa kansa, a lokacin da zuciyarsa ta iya. Ba na mai zuwa gaisuwa ba ne ya ɗora masa. Idan ka shiga zaman makoki ka tarar da uwar da ta binne ɗanta jiya, kada ka buɗe littafi ka ce mata ta yi farin ciki. Bulus ɗin nan dai ya umarci masu bi, a Romawa sura ta 12, su taya mai kuka kuka. Ka ce, "Sannu, Inna, Allah ya ba da haƙuri," ka zauna, idan kuma akwai ruwan ɗebowa ko itacen faskarawa, ka tashi ka yi.

5. Jimiri

> Akwati na 4. Jimiri: tsayawa a kan gaskiya da aikin da ya wajaba, kwana da kwanaki, alhali nauyin bai sauka ba.

Jimiri ya bambanta da mutuwar zuciya, ko da yake daga nesa sukan yi kama. Wanda ya naɗe hannu ya ce ƙaddara ce, bai kai yaro likita ba, bai sake shuka ba bayan ta farko ta ƙone, ba jimiri yake yi ba, domin Hausawa ma sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Mai jimiri yana neman magani, yana neman haƙƙinsa ta hanyar shari'a idan an zalunce shi, abin da ya ƙi kawai shi ne ya sayi sauƙi da zunubi.

Tarihin zuwan bishara ƙasashen Hausa yana da misalinsa. A Disamba 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shiga ƙasar Sudan (wato yankin nan da ya haɗa da ƙasashen Hausa, ba ƙasar Sudan ta yau ba); kafin 1894 ta ƙare biyu na farko sun mutu, Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake gwadawa ya kasa, sai a karo na uku, a 1902, aka kafa tasha a Patigi. Ƙungiyar da ta fito daga wannan, wato SIM, ta isa Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru ta zauna a Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi (kada a rikita shi da Tibirinmu na jihar Dosso), a 1950 kuma ta buɗe asibitin Galmi, inda Musulmi da Kirista suke samun magani har yau. Amma adalci ne a faɗa cewa nauyin da ya fi wannan 'yan ƙasa ne suka ɗauka, waɗanda ba a rubuta sunayen galibinsu ba, domin baƙo yana da gidan komawa, shi kuwa wanda danginsa suka daina cin abinci tare da shi a garinsu zai kwana.

Ta yaya ake samun jimiri? Yaƙub ya fara da addu'ar neman hikima, a sura ta 1, aya ta 5, kuma akwai ma'ana a cikin wannan, domin mai wahala ya fi bukatar sanin abin da zai yi gobe da safe fiye da sanin dalilin da ya sa abin ya same shi. Sai karatun nassi, da zumunci da sauran masu bi, da riƙe aikin yau da kullum. Wanda kuma ya riga ya faɗi, ƙofar tuba a buɗe take gare shi: Bitrus ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, duk da haka aka mai da shi, aka damƙa masa kiwon jama'a.

Misali na biyu: yaro ba lafiya, maigida yana cin rani

Mu ƙaddara wata mai bi a wani ƙauye kusa da Matankari, ɗanta yana ta zazzaɓi da suma, mijinta yana Nijeriya, surukarta kuwa, saboda ƙaunar jikanta, ta nace a kai shi wurin masu bori a yi yanka. Gwajin shi ne ciwon yaro da rashin kuɗi da rashin miji a kusa. Jarabar tana da fuska biyu: ta yi abin da bangaskiyarta ta hana saboda tsoro, ko kuwa ta ƙi da gatsali da raini, ta ɓata zumunci, wannan ma zunubi ne. Mafitar ita ce ta durƙusa ta ce, "Inna, na san don kina ƙaunarsa ne. Ki yi mini haƙuri, wannan hanya addinina bai ba ni ita ba, amma ki rako ni likita yau ɗin nan." Ta sanar da zumuntar mata don a taimaka da kuɗin mota da magani, ta kira dattawan ikilisiya su yi wa yaron addu'a kamar yadda Yaƙub ya umarta a sura ta 5. Koyarwar ba ta yi mata alkawarin cewa lalle yaron zai tashi ba. Abin da ta ba ta shi ne hanyar da za ta bi ba tare da ta yi hasarar amincinta ko surukarta ba.

6. Janairu 2015

Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 Kiristocin Nijar suka gamu da gwaji irin wanda ba su saba gani ba. Bayan wata jaridar Faransa, Charlie Hebdo, ta buga zanen da ya ɓata wa Musulmin duniya rai, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Mutum 10 suka rasu, 'yan sanda kuma suka ce an cinna wa majami'u 45 wuta a Yamai kaɗai, alhali Kiristocin ƙasar ba su da hannu a zanen. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya yi tir da abin, malaman Musulunci da dama suka yi haka, kuma akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. Jarabar da ta biyo wannan gwaji a fili take, wato ƙiyayya da ɗaukar laifin wasu a ɗora wa dukan al'umma. Shugabannin ikilisiyoyi, na Katolika da na masu bishara, suka yi kira ga gafara, jama'a kuma suka koma sujada, wasu a cikin gine-ginen da suka ƙone. Gafarar ba ta hana a faɗi cewa an yi zalunci ba, ba ta kuma hana a nemi hukuma ta kare kowa ba. Abin da ta hana shi ne ramuwa.

7. Nauyin da ke kan jama'a

Kuskure ne a karanta wannan koyarwa kamar an bar kowa da kayansa. Yaƙub, a sura ta 2, ya yi tir da wanda zai ga ɗan'uwa ba tufa ba abinci ya sallame shi da fatan alheri kawai, ya kuma kira irin wannan bangaskiya matacciya. Da yunwa ta auku a zamanin Kaisar Kalaudiyas, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu (wato Bulus), kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura ta 11. Ikilisiyar da take koya wa gwauruwa jimiri wajibi ne ta san ko akwai hatsi a rumbun gwauruwar, kuma taimakon ba ya tsayawa ga 'yan majami'a kaɗai, tun da umarnin ƙaunar maƙwabci bai tambayi addinin maƙwabcin ba.

Tambayoyin bita

1. Da kalmominka, mene ne bambancin gwaji da jaraba? Me ya sa ake jure ɗaya, a guje wa ɗaya?
2. Wane ne Yaƙub, kuma waɗanne irin mutane ya rubuta wa?
3. Jera matakan jaraba kamar yadda suke a Yaƙub sura ta 1. A wane mataki ne mai riƙe da mabuɗi ya tsayar da tasa?
4. Mene ne kuskuren abokan Ayuba, kuma mene ne abin kirkin da suka fara yi?
5. Kawo dalilai uku na farin ciki a cikin wahala. Me ya sa bai dace a karanta wa mai makoki umarnin farin ciki a ranar rasuwa ba?
6. Ta yaya za ka gane mai jimiri daga wanda zuciyarsa ta mutu? Ba da misali daga aikin gona.
7. A misali na biyu, waɗanne fuskoki biyu jarabar take da su?
8. Me ya faru a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, kuma wace jaraba ce ta biyo baya?
9. Aikin gida: ka tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa a unguwarku yadda gidansu ya ƙetare yunwar 1984, ka rubuta layi 10 a kan abin da ka ji, ka nuna gwajin, da jarabar da ta zo tare da shi, da waɗanda suka taimaka.